Gogewa Sau Uku

Ranar da Yaya ta dawo da takardar digirinta, agogon shagonmu ne ya fara rasa aikinsa. Ƙusa ɗaya ce mai ƙwari a bangon, sai Kawu ya sauke agogo ya rataye takardar. Ni na kwashi agogon na kai ɗakina. Na ga kamar ya kamata mu saba da juna.

Shagon ɗaukar hoto ne. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, shi da matarsa Umma, Allah ya jiƙanta. Yaya ce 'yarsu tilo, ta ba ni shekara uku. Ita aka tura jami'a. Ni da na gama sakandare sai na zarce ɗakin baya na shago, inda kwamfuta take, da firinta, da wata kujera mai juyawa da taya ɗaya ta gudu ta bar ta. Ba wanda ya koya min komai. Na ɓata, na gyara, na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja. Shekara huɗu ina kan kujerar nan. Na san gefen da ake jingina da gefen da ke kai mutum ƙasa.

Babban aikina ajiya ne. Kawu ya yi shekara talatin yana ɗaukar hoto da fim, rufi kuma ya yi yoyo a kan kwalayen. Shekara biyu na yi ina shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kafin danshi ya gama cinye su. Na kwafe komai a faifan ajiya guda biyu: ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Duk Asabar in ƙara sababbi, sannan in buɗe hotuna goma in ga da idona suna buɗuwa. Iyakar ilimina kenan.

Kullum da safe, kafin a ɗaga ƙofar shago, Kawu zai shigo da kofin shayinsa ya tsaya a bayan kujerata.

"Auta, buɗe min."

Ba sai ya faɗi me ba. Hoton Umma ne, tana zaune a bakin taga tana dariyar wani abu da bai fito a hoton ba. Zai kalla kamar minti ɗaya, hannunsa a bayan kujerata, sannan ya ce, "To, rufe." Sai aiki.

Da Yaya ta kama zuwa shago, ta fara da gyara sunanta. Ta ce a wurin aiki ba Yaya, Injiniya ce. Tela, maƙwabcinmu, wanda ya fi zama a shagonmu fiye da nasa, ya ce, "Injiniyar me? Mota ko famfo?"

"Tsaron bayanai," in ji ta.

"Au, gadi. Allah ya sa albarka, 'yata."

Na yi dariya a ranar. Ita ce ta ƙarshe da na yi a watan.

A mako na biyu ta tara mu a ɗakin baya, ni da Kawu, Tela kuma ya gayyaci kansa. Tana sanye da wani gilashi da ba ya ƙara mata gani, ya dai ƙara mata magana. Ta ɗauko katin memori daga kofin da nake zuba waɗanda na goge.

"Auta, wannan ba komai a ciki, ko?"

"Fes yake. Ni na goge shi."

"Baba, ka ji dai da kunnenka."

Ta soka shi a kwamfutarta ta hannu, tana bayani kamar mai karanta labarai. Wai idan ka danna gogewa, ba a fitar da kowa daga gida ba, suna kawai aka cire daga jikin ƙofa. Ɗan haya yana nan zaune a ciki har ranar da aka zuba wani a kansa. Gaskiya misalin ya yi kyau. Abin da ya fara ba ni haushi kenan.

Hotuna suka fara dawowa. Wani ɗan fasfo, wata mai jariri, wani ɗan fasfo. Sai ni.

Muna da rigar kammala jami'a a shago, da hularta mai igiya, ta aro ce ga masu son hoto. Wata rana da rana tsaka, ba kowa, na saka. Na naɗe takardar rasit na riƙe a ƙirji, na kafa kyamara, na ɗauki kaina. Ba ɗaya ba. Goma sha bakwai. A wani ina jefa hula sama. A wani ina miƙa hannu ina gaisawa da fanka.

Tela ya yi dariya har ya riƙe firinta. "Farfesa! Ashe muna zaune da manya ba mu sani ba!"

Yaya ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce, "Ayya, Auta. Ai ta yi miki kyau." Sannan ta juya ga Kawu. "Yau nata ne. Gobe na matar wani ne da ta ce a goge mata. Faifan da take ajiya ma a buɗe yake, duk wanda ya tsince shi ya tsinci rabin fuskokin unguwar nan."

Kawu ya daɗe yana kallon wanda nake gaisawa da fanka. Sannan ya ce, "Auta, yayarki ta yi karatun abin nan. Ki koma gaba ki riƙe lamineti."

Ta zauna a kujerata. Ban gaya mata gefen da ba a jingina ba. Ta gano da kanta.

Aikin lamineti, wato manne kati cikin leda da zafi, ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, hannu biyu ne da haƙuri. Kuma daga inda injin yake ana hango ɗakin baya sarai. Da safe ina ji Kawu yana cewa, "Injiniya, buɗe min." Ita kuma sai ta yi ta lalube, don ba ta san foldar ba. Ya tsaya yana jira, hannunsa a bayan kujerar. Na ƙona katin shaidar mutum biyu a makon farko.

Ta kawo dokoki, ta buga su ta manna a ƙofa. Ta sa Kawu ya sayo sabon faifai. Shi da na aljihun tebur ta kulle su da abin da take kira enkiripshan, tana jan kalmar kamar sunan turare. Ma'anarsa dai, ko an sace faifan, shirme kawai ɓarawo zai gani idan ba shi da kalmar sirri. Kalmar sirrin kuwa harafi talatin da biyu ce, kwamfuta ce ta haɗa mata, ba ta da kai ba ta da ƙafa. Katin memori kuma, da an kwashe hotuna, sai a bi ta kansa da shara sau uku, har ɗan hayan ya bar duniya.

Ta ce min, "Wancan na gwangwani, ki kawo a share shi. Tsoho ne, kuma a buɗe yake."

"Zan share da kaina, Injiniya."

"Kin iya?"

"Zan tambayi fanka."

Ban share ba. Ina da wata tsohuwar kwamfutar hannu da na haɗa daga gawar guda biyu, ba ta da batir, da salatif ake riƙe murfinta. Kwana huɗu ina tashi daga lamineti in zauna da ita. Na koyi kullewar nan, ba don ina so ba, sai don ba zan yarda a ce akwai abin da ta sani a kan faifaina wanda ban sani ba. Ashe ba wani dutse ba ne, minti ashirin ne da karatun abin da allo ya rubuta. Yaya kuma shekara huɗu ta yi a kansa. Na kulle faifan da wata doguwar jimla da ba zan manta ba, na kuma rubuta ta a takarda na ɓoye a bayan agogo. Faifai a ƙarƙashin gado, mabuɗi a bango. Na cire, na sake sokawa, na buga jimlar, na buɗe hotuna goma. Suna buɗuwa.

Da ta tambaye ni, na ce, "An gama da shi." Ba ƙarya na yi ba.

Tun makon farko na lura da abu ɗaya. Yaya ba ta taɓa buga haruffan nan talatin da biyu da yatsunta ba. Ta ce wa kwamfutar shago ta riƙe mata, da ta soka faifai sai ya buɗe da kansa. Ta kuma ajiye kwafin kalmar a wani fayil a kan kwamfutar dai, ta sa masa suna "Muhimmi". Wato ta yi wa gida ƙofar ƙarfe, ta ba maƙwabci ɗaya ajiyar mabuɗi da na ko-ta-kwana.

Na so in faɗa. Sau biyu ma. Na farko ina buɗe baki ta ce in kawo mata ruwa. Na biyu Kawu ne yake gaya wa wani baƙo, "'Yata ce ta gyara mana komai, da a cikin duhu muke." Ina tsaye da katin baƙon a hannuna, da zafinsa. To mai zama a duhu ina ita ina ganin kuskuren masu haske?

Bayan mako bakwai ta shawo kan Kawu a sayi sabuwar kwamfuta. Tsohuwar aka ce a ba Tela ya riƙa ajiye zanen ɗinki. Sabuwa za ta iso Talata. Tela kuwa tun Litinin da hantsi ya zo da zanin goyo, wai kada a canja shawara.

"Ba za ta fita daga shagon nan da ko ƙwayar hoto ɗaya ba," in ji Yaya. "Sau uku zan bi ta kanta."

"Ki bi sau goma, 'yata, ni dai ki bar min allon," in ji Tela.

Na bar lamineti na tsaya a bakin ƙofa. Allah ne shaidata, na yi magana.

"Injiniya, kin kwashe komai?"

"Komai yana kan faifai biyu, a kulle."

"Kin gwada buɗe su a wata kwamfutar?"

Ta zare gilashin ta dube ni. "Farfesa, akwai mai jiran lamineti."

Ba kowa a gaba. Na duba.

Jimla ɗaya ta rage a bakina, gajeriya: mabuɗin fa? Na ji ta a kan harshena kamar ƙwayar magani. Na haɗiye ta. Yaya ta danna. Wani koren layi ya fara tafiya a allo, a hankali, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya kai ƙarshe ya dawo ya sake. Sai bayan la'asar ya gama na uku. Ban taɓa kallon abin da ya kai shi daɗi ba, har da finafinai.

Talata sabuwa ta iso, fara sol, ba ta ko tari. Yaya ta soka faifai. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana neman kalmar sirri, cikin ladabi.

Na ga bayan wuyanta ya sandare. Ta cire ta soka na biyu. Akwatin ya sake fitowa, da ladabinsa. Ta buɗe kwamfutarta ta hannu ta bincika, ta duba waya, ta zazzage jaka. Sai ta tashi da gudu, ba takalmi, ta shiga shagon Tela. Ta kwaso tsohuwar ta jona, ta sa mata manhajar nan da ta tono ni da ita. Manhajar ta yi awa uku tana nema ta dawo hannu rabbana. Aikin Yaya ya yi kyau, ba abin da za a ce. Ko ni sai da na yaba.

Laraba da safe Kawu ya shigo da shayinsa.

"Injiniya, buɗe min."

"Baba, akwai 'yar matsala. Ƙarama ce."

"Ta hoton?"

"Ta dukansu."

Ya ajiye kofin a kan firinta, abin da ya hana kowa yi shekara da shekaru. Ya ce, "Fim ɗin nan ya ruɓe, kin sani ko? Babu wani." Ta ce ta sani. Ya ce, "Ba wanda zai iya fasa shi?" Ta ce da ana iya fasawa ai da ba kulle ba ne. Ko a cikin masifa sai da ta ba da lacca.

Ya fita gaba ya zauna a bencin masu jira. Bai ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar. Tela ya leƙo da wata zolaya a baki, ya ga fuskoki, ya koma da abarsa.

Niyyata in bar ta kwana uku. Na lissafa: hoto goma sha bakwai, kwana uku, ai na yi rangwame. Ranar Alhamis na same ta a ɗakin baya tana buga haruffa da ka, tana gwadawa, gilashin yana kan tebur. Ta ɗago, idonta ya kumbura.

"Auta, kin tuna hoton? Wace riga ce a jikinta? Jiya na yi ta ƙoƙari in tuna, na kasa."

"Shuɗiya. Mai ɗigo-ɗigo."

"Ke kin fi ni kallonsa."

Na so in ji daɗin maganar, ta ƙi shiga. Amma ban fasa ba, sai da na cika kwana ukuna. Ni mai cika alkawari ce, ko da kaina na yi wa.

Juma'a da safe na shigo da gwangwanin biskit. Na jira sai da kowa ya hallara, har Tela. Na ce, "Injiniya, ɗan matsa." Ta matsa. Na zauna, kujera ta yi ƙarar da take yi min. Na soka faifai. Ɗan akwatin ya fito.

"Kin kulle shi?" in ji Yaya.

"Enkiripshan," na ce, na ja kalmar yadda take ja.

Na buga jimlata. Folda ta buɗe. Umma ta fito a bakin taga tana dariyarta.

Yaya ta fashe da kuka. Tela ya hau tafi yana cewa, "Farfesa! Wallahi a ɗauko rigar nan a saka mata!" Ni kuwa bayana nake saurare, ina jiran nauyin hannu a kan kujera.

Kawu ya matso ya kalli allon. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Har zuwa yaushe ne a ciki?"

"Har ranar da aka tashe ni."

"Na mako bakwai ɗin nan fa?"

"Suna kan nata."

Yawancinsu an riga an wanke an ba masu su. Saura na ɗaliban makarantar jinya, su talatin da ɗaya, da aka ɗauka ranar Asabar cikin rigar nan, ba a kai ga bugawa ba. Katinsu kuma an bi ta kansa sau uku, bisa doka. Wasu daga cikinsu har sun bar gari.

Kawu mai hoto ne. Shekara talatin yana kallon fuskar mutane yana jiran lokacin da za su daina yin fuskar da suka zo da ita. Ya juyo da kujerar har muka fuskanci juna.

"Ranar Litinin na ji kina tambayarta ko ta gwada a wata kwamfutar."

"Na tambaya, Kawu. Ta ce in je lamineti."

"Kin san mabuɗin yana cikin wadda za a share?"

Tela ya daina tafi.

Na duba gwangwani. An zana biskit iri shida a murfinsa, ban taɓa lura ba.

"Kwana uku ina zaune a bencin can, Auta," in ji Kawu. Bai ɗaga murya ba. "Kina wuce ni da katin mutane."

Ya juya wajen Yaya, wadda ke tsugune jikin bango. Ya dafa kanta. "Tashi, ya isa. Kuskure ne, kowa yana yi. Tashi ki wanke fuska, ki zo mu nemo lambobin yaran nan mu ba su haƙuri."

A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba. "Ki zauna a kujerar. Kin fi ta iyawa. Ki kulle su yadda ta ce, ki rubuta mabuɗin a takarda biyu, ɗaya wurina, ɗaya wurinta. Kuma ki buga min hoton nan, babba."

Na buga. Na zaɓi takarda mafi kyau, na gyara hasken sau huɗu. Ya saka shi a firam ya tafi da shi ɗakinsa.

Yanzu ni ce a ɗakin baya. Faifai uku, duk a kulle, duk Asabar ina gwada su a kwamfuta biyu. Katin memori ina bi ta kansa sau uku, dokar Yaya ce, ban cire ta daga ƙofa ba, don gaskiya ce. Ita kuma tana gaba tare da Kawu, yana koya mata riƙe kyamara. Ba ta iya ba. Tana yanke wa mutane kai. Ina jiyo shi yana dariya yana cewa, "A'a, ɗaga kaɗan, 'yar nan, mutumin yana da goshi."

Rannan ta leƙo ta ajiye min kwamfutarta ta hannu. Ta ce hotunana goma sha bakwai suna ciki, in share da hannuna. Na share goma sha shida, sau uku-uku. Wanda nake gaisawa da fanka kuwa na mayar da shi faifan gwangwani.

Da safe ina zuwa da wuri kamar da. Ina jin Kawu yana shigowa da kofinsa, yana wuce ƙofar ɗakin baya, yana ɗaga ta shago. Jiya na buɗe hoton Umma da kaina, na bar shi a allo, na bar ƙofa a buɗe. Da ya zo wucewa ya ɗan tsaya.

"Auta, takardar fasfo ta kusa ƙarewa. Ki duba."

Na ce to. Na jira minti ɗaya, sannan na rufe.